Muntari Mai Baƙin Allo da Shaidun Gwaggo Dije

Shekara goma sha ɗaya falanki ɗaya ne ya raba shagona da na Muntari, falankin ma mai ɓuli, don haka in na ce na san shi ba labarin ƙanzon kurege nake kawo muku ba. Ni tela ne, sunana Isyaku, shagona yana bakin tashar mota a Rano. Mutane suna cewa wai ina da saurin fushi. Ƙarya suke yi, kuma duk wanda ya sake faɗa ya zo ya same ni a shago.

Muntari ɗan Rano ne gaba da baya. Mahaifinsa mai awon hatsi ne a kasuwa, mutum mai tsari, wanda ko tsintsiya yana da ƙusar da yake rataye ta. Ɗan bai ɗauko komai daga wannan hali ba. Ya tafi Kano karatun kwamfuta, ya dawo a 2002 da wata tsohuwar kwamfuta ɗaure da roba a bayan babur. Lokacin kuwa ya zo masa daidai. Siyasa ta dawo, an ƙaddamar da shari'a, kowa a ƙasar Rano da Kibiya ya wayi gari yana bukatar takarda. Wannan zai kai ƙorafi wurin kansila, waɗancan sun kafa ƙungiyar manoma suna son jerin sunaye, wannan kuma alƙali ya ce ya kawo maganarsa a rubuce. Duk a kan bencin Muntari suke ƙarewa.

Kwamfutar kowa in ka leƙa za ka ga hotuna da launi. Ta Muntari baƙa ce ƙirin, sai ƙananan rubutu farare da wani ɗan ɗigo da ke ƙyafta ido yana jiran a ba shi umarni. Shi ya sa ake ce masa Mai Baƙin Allo. Maus ɗin da ya zo da ita, ɗan abin nan mai igiya da ake nuni da shi a allo, tun a satin farko ya cire ya ba ni, wai mai nuna abu da yatsa shi ne wanda bai san sunan abin ba. Har yau da igiyarsa nake ɗaure labulen shago. Shi dai a ganinsa ba mai buga takarda ba ne, mai rubuta furogiram ne, buga takarda kuwa taimakon jama'a yake yi. In ka ce masa taifis zai gama maka aikinka tsaf, amma ba zai amsa gaisuwarka ba sai bayan kwana biyu.

Gaskiya dai ya iya wani abu. Shi da kansa ya rubuta furogiram ɗin da ke jera masa wasiƙa ya tura wa firinta. Kuma yana da wata ɗabi'a da ban taɓa gani wurin kowa ba: duk abin da mutum ya faɗa a kan bencin nan sai ya rubuta shi, ba ƙari ba ragi. In kana cikin shifta ka juya ka ce wa mai rake ya jira ka, wannan ma ya shiga. Sai dai irin wannan maganar yana sa mata wata alama a gaba, mai kama da ɗan tsani. Duk layin da ya fara da tsanin nan, furogiram ɗin yana tsallake shi, ba ya fita a takarda, amma yana nan a cikin kwamfutar. Na taɓa tambayarsa amfanin ajiye shirmen mutane, ya ce haka masu furogiram suke yi, kuma yatsunsa ba sa iya tsayawa in baki yana motsi.

In an gama takardar da ke son shaida, sai ka ji ya buga falankin nan ya ce, "Tela, zo ka sa hannu." Ni kuma in shigo da allura a baki, a karanta mini, in sa hannu, in koma. A rana sai a yi haka sau uku.

Inda ya fi ba ni haushi shi ne sunayen fayil. Mutum mai hankali in ya rubuta wa Alhaji wane takarda sai ya sa mata sunan Alhaji wane. Muntari kuwa ta farko ya sa mata sabo. Ta biyu sabo2. Daga nan aka samu sabon_sabo, da wannan_ne, da wannan_ne_wallahi. Fayil sama da dubu bakwai, duk a folda ɗaya, a zube. In ka yi masa magana sai ya yi murmushin nan nasa mai sa mutum ya ji kamar ya jefe shi da almakashi, ya ce tsari na wanda ba shi da grep ne.

Wannan grep ɗin wani umarni ne da ake rubutawa a baƙin allon. Ka rubuta shi, ka rubuta kalmar da kake nema, ka rubuta inda za a nema, sai ya zazzago maka duk layin da kalmar take ciki. Abu uku ke nan. Ni da ban san kan kwamfuta ba na haddace su saboda yawan ji ta ɓulin falanki. Ku riƙe su, don akwai ranar da mai shagon da kansa bai riƙe ba.

A bazarar 2009, wata Litinin da hantsi, babur ya sauke mata biyu a ƙofar shagonsa. Ɗaya tsohuwa ce gajera mai ƙaramar fuska, Gwaggo Dije daga Kahu ta ƙasar Kibiya. Ɗayar 'yarta ce Ramlatu, matar aure, wadda ta yi makaranta har ta iya karatun boko. Ramlatu ce ta yi bayani. Mahaifinta ya rasu bara bayan girbi. Shekara biyar da suka wuce ya zo Rano shi kaɗai ya sa an rubuta cewa ya ba matarsa gonar bakin rafi kyauta. Takardar tana ƙasan akwati, da aka buɗe sai aka tarar gara ta cinye ta, saura wani ɗan gefe da ba komai a kai. Ƙanin marigayin, Abdulganiyyu, ya ce shi ba rigima yake nema ba, amma in ba shaidu, gona gado ce, a raba. Alƙali a Kibiya ya ba su zuwa ranar Alhamis su kawo mutum biyun da suka shaida kyautar. Gwaggo Dije ba ta san ko su wane ne ba. Abin da mijin ya gaya mata kawai shi ne ya rubuta a Rano wurin mai baƙin allo.

Gonar nan ita take nomawa tun tana amarya. Irin shukarta yana ɗaure a ɗaki, hadari ya fara haɗuwa, kuma in Alhamis ta wuce ba shaidu, ba ita za ta shuka ba.

Muntari ya gyara zama, ya miƙe yatsu suka yi ƙara, ya ce wannan aikin minti biyu ne. Sannan ya tambayi sunan mai gidan. Gwaggo Dije ta kalli bango.

"Gwaggo, sunan marigayin nake tambaya."

"Na ji ka, ɗan nan."

Shekara talatin da biyar ba ta kama sunan mutumin nan yana raye ba, ba kuwa a tashar Rano za ta fara ba. Ramlatu ce ta sunkuyar da kai ta ce Mato. Muntari ya fara rubuta wani abu a wani fayil don tunawa, sannan ya rubuta grep, ya rubuta Mato, ya buga madannin Enta da ƙarfi irin na mai son a gani.

Ɗigon nan ya sauko layi na gaba ya ci gaba da ƙyafta ido. Minti biyu suka wuce, goma suka wuce. Muntari ya ce kwamfutar tono take yi, fayil dubu bakwai ba wasa ba ne. Da aka yi awa ɗaya ya buga falanki ya ce in kashe keken ɗinkina na wuta, wai janaretan da muke haɗawa yana rawa, kada ya dame ta tana tsakiyar tunani. Ina da kayan biki a hannu, amma saboda tsohuwar na kashe, na zo na tsaya a kansa. Aka kira azahar, ya yi salla a bakin ƙofa, yana sallamewa ya juyo ya leƙa allo kafin ma ya shafa addu'a. Ya hana kowa matsawa kusa da teburin. Wata kaza ta shigo, ya kore ta da hula ba tare da ya yi magana ba.

Da la'asar ta kawo jiki haƙurina ya ƙare. Na ce masa ya tambayi kwamfutar mana, ko ta mutu ne a zaune ba mu sani ba. Don ya nuna mini ba haka ake yi ba, sai ya rubuta "ina Mato?" cikin gatse, ya buga Enta. Nan take, a ƙarƙashin rubutunsa, allon ya fito da nasa. Ramlatu ta matso ta karanta a fili.

"Ta ce, ina Mato?"

"Allah sarki," in ji Gwaggo Dije. "Ashe ba ta ji ba. Gaya mata ya rasu bara."

Muntari, da kansa ya riga ya ɗaure, ya rubuta "ya rasu bara". Wannan karon allon bai ce komai ba. Gwaggo Dije ta gyaɗa kai ta ce a bar ta, mutuwa ce, dole ta yi shiru.

A nan ne na ga fuskar Muntari ta canza. Ya dafe goshi. Abu uku ake rubutawa, ya rubuta biyu. Bai gaya wa grep inda zai nema ba, shi kuma grep in ba a gaya masa ba, sai ya zauna yana jiran a rubuta masa abin da zai duba da hannu, in ya ga kalmar a ciki ya maimaita. Tun hantsi ko fayil ɗaya ba a buɗe ba. Shi yana jiran kwamfuta, kwamfuta tana jiran sa, ni kuma kayan bikin mutane suna jira na. Abin da na faɗa masa a ranar ba zan rubuta a nan ba, ko da tsani a gaba.

Ya sake rubutawa daidai, cikin ƙiftawar ido Mato ya fito a wuri hamsin da wani abu. Akwai Mato mai kilishi, akwai Mato direba, akwai Maton da yake ƙarar maƙwabcinsa kan agwagwa. Ba namu. Sai Ramlatu ta tuna cewa Mato sunan gida ne, a takarda mahaifinta Muhammadu yake sawa. Rana ta riga ta yi sanyi, suka hau babur suka koma Kahu.

Talata suka dawo tun da sassafe. Muntari ya sa sabuwar hula, alamar ya dawo da martabarsa. Ya rubuta grep, ya rubuta Muhammadu, ya rubuta inda za a nema, har ya nuna mini da yatsa in shaida sun cika uku. Sunaye suka yi ta gudu a allo ba mai iya karantawa, don in ka nemi Muhammadu a takardun Rano da Kibiya rabin maza ka kira. Sai ya tsayar, ya ce akwai dabara. Zai sa a zuba duk sakamakon a fayil ɗaya, sannan a bi shi a hankali. Ya sa wa fayil ɗin suna sakamako, wanda shi ne karo na farko da na ga ya ba fayil suna mai ma'ana. Ya ajiye shi a foldar nan tasa guda ɗaya, inda komai yake.

Yana jira yana duba yawan layin da aka samu yana sanar da mu. Dubu huɗu. Ya ce kun gani. Dubu casa'in. Sai ya ce wasu mutanen suna da takarda fiye da ɗaya. Da aka kai miliyan ɗaya na ce masa ko an haɗa da jakuna da tumaki, Kibiya ba ta kai haka ba. Ya ce in bar ilimi ga masu shi. A miliyan biyar ya cire sabuwar hular ya ajiye. A miliyan goma sha ɗaya kwamfutar ta yi wani gurnani, ta rubuta cewa cikinta ya cika, ba sauran wuri, ta tsaya cik.

Abin da ya faru ko ni na gane shi da ya yi bayani. Grep ya bi fayilolin nan ɗaya bayan ɗaya yana kwaso Muhammadu yana zubawa a sakamako. Da ya zo kan sakamakon kansa, shi ma fayil ne a foldar, sai ya buɗe shi, ya tarar da Muhammadu maƙil, ya shiga kwasowa yana ƙarawa a ƙasa, yana isa ƙasan yana tarar da sababbi. Ɗan mai awo guda, ya zauna yana auna hatsi yana juye kwanon a kan tsibin da yake aunawa, yana murnar kasuwa ta yi albarka. Na gode wa Allah da mahaifinsa bai ga wannan rana ba.

Sai da aka goge sakamakon kafin kwamfutar ta sake numfashi. Kafin ya goge ya ce a baƙin allo ba a tambayar mutum ko ya tabbata, in yatsa ya zame duk dubu bakwai ɗin sun tafi. Ya sa Ramlatu ta karanta masa abin da ya rubuta sau uku kafin ya danna.

Kwana biyu Gwaggo Dije tana zaune a ƙarshen benci ba ta ɗaga murya ba, har na ɗauka irin tsofaffin nan ne masu sanyi. Ashe haɗuwa take yi. Na ga fuskarta ta yi duhu a hankali, ta gyara ɗaurin zani, ta miƙe. Ta fara daga hularsa ta sauko har kan silifas ɗinsa. Ta ce minti biyun Rano ta ga alama sai an yi musu guzuri. Ta ce garar da ta ci takardarta ta fi shi sanin inda takardar take, ita aƙalla ta same ta. Mai shayin tasha ya ja teburinsa baya, masu lodin mota suka daina kiran fasinja. Ni da na san wannan sana'a ta faɗa, na tsaya ina kallo cikin girmamawa. Tana gamawa ta zauna ta ɓare goro kamar ba ita ba.

Laraba ita ce ranar ƙarshe. Muntari ya zo ba hula ma gaba ɗaya. Ya bar mijin ya koma kan matar. Ya nemi Dije, ya nemi Hadiza, ya nemi Khadija, aka samu mata da yawa amma ba mai gonar bakin rafi. Da ya gaji sai ya haɗa komai a layi ɗaya, ya nemi "Dije matar Mato Kahu". Layi ɗaya tak ya fito. Muntari ya miƙe tsaye har kujerarsa ta faɗi, Ramlatu ta fara hamdala, ni ma na baro keke na shigo. Ramlatu ta karanta: "Dije matar Mato Kahu, a nemo mata takarda, minti biyu."

Abin da ya rubuta ne da hannunsa ranar Litinin don tunawa. Kwana uku yana farauta, abin da ya kamo shi ne kansa.

Ban yi faɗa ba wannan karon, don na kalli tsohuwar na ga ta daina tauna goron. Tausayinta ya kama ni sosai. Ramlatu ta ce a hankali, ita fa tun tasowarta ba ta taɓa jin mahaifinta ya kama sunan mahaifiyarta ba, a gaban mutane mai ɗakina yake cewa. Muntari ya nemi mai ɗakina, ya tace da Muhammadu, ya tace da gona, aka sauko zuwa fayil ɗari shida da 'yan kai. A karanta su ɗaya bayan ɗaya aikin kwana biyu ne, ga janareta ya yi zafi yana tari, ga la'asar ta wuce. Matar ba ta faɗin sunan miji, mijin ba ya faɗin sunan mata, grep kuma ba ya neman mutum, abin da aka faɗa kawai yake nema.

Can sai Muntari ya juyo, kuma a karon farko cikin kwana uku ban ga murmushin nan a fuskarsa ba.

"Gwaggo, ki yi haƙuri da abin da zan tambaya. In ba kowa a wurin, me yake kiran ki?"

Ta ce wannan wace irin tambaya ce ta rashin kunya. Ya ce mata duk wanda ya zauna a bencin nan sai ya yi wata magana a gefe, kuma duk yana rubutawa. Sunan da kowa yake kira ba zai fitar da takarda ɗaya daga cikin dubu bakwai ba, sai wanda mutum ɗaya ne a duniya yake faɗa. Na ɗauka wani faɗan ne yake haɗuwa. Sai ta ce kowa ya fita. Ramlatu ta fita bakin titi, ni na koma shagona. Ta ce Muntari ma ya fita, ya ce in ya fita wa zai rubuta. Sai ta juya masa baya, ta fuskanci falanki, ta sa bakinta daidai ɓulin da kunnena yake ta ɗaya gefen, ta faɗa ƙasa-ƙasa.

"Hadarin Gabas."

Na cusa hannun rigar ango a bakina don kada a ji ni. Allah ya jiƙan Malam Mato, ya san matarsa.

Na ji ƙarar madannai, na ji Enta. Ban jira an kira ni ba na zagayo. Layi ɗaya ne a allon, dogo, da tsani a gabansa, daga wani fayil mai suna sabo_kar_a_goge3. Muntari ya karanta layin a zuciyarsa, ya ɗan daɗe a kai, bai faɗi abin da ke ciki ba. Ya ce kawai, mun samu. Ya buɗe fayil ɗin ya karanta abin da aka buga a takarda: ni Muhammadu na Kahu, da hankalina da lafiyata, na ba mai ɗakina gonata ta bakin rafi kyauta, halak malak. Ya gangara ƙasa wurin shaidu. Sai ya ja kujerarsa baya, Ramlatu da ta dawo daga bakin titi ce ta ƙarasa.

"Shaida na ɗaya, Muntari mai kwamfuta, Rano. Shaida na biyu, Isyaku tela, Rano."

Gwaggo Dije ta kalle shi, ta kalle ni. Ta ce wato kwana uku tana hawa babur daga Kahu, ƙashin bayanta kamar zai rabe, shaidun nata suna zaune a gabanta, ɗaya yana danne-danne ɗaya yana zage-zage. Ni da na yi kwana uku ina gaya wa duk tasha cewa Muntari ba shi da ƙwaƙwalwa, sai ga shi tawa ma ba ta fi tasa ba. Kunya ta rufe ni har wuya.

Amma na ce mata gaskiya. Hannu na sa a takarda ta fi dubu, ba zan tsaya gaban alƙali in rantse a kan abin da ban tuna ba. Muntari ya ce in saurara, ya karanta wani layi mai tsani daga tsakiyar fayil ɗin: "Tela, aljihun nan ya ɓule, goro yana zubewa, ɗinke mini kafin a gama."

Sai ga mutumin a gabana kamar jiya. Dogo ne, baƙi, da shuɗiyar riga. Ya tuɓe rigar ya miƙo mini ta saman falanki, ya zauna daga shi sai singileti yana shiftar kyautar gona, ƙafa ɗaya a kan ɗaya. Da na kawo rigar aka karanta mana takardar, ya sa aka maimaita halak malak sau biyu, ya ba ni goro ɗaya daga aljihun da na ɗinke. Muntari ma ya tuna, don ya ce shi ne kaɗai mutumin da ya taɓa yi masa shifta ba riga.

Alhamis muka hau babur ɗaya ni da shi zuwa Kibiya, muna faɗa a hanya kan wanda ya fi wani mantuwa. A gaban alƙali kowa ya faɗi abin da ya gani ya ji. Da na zo kan singileti da aljihu, Abdulganiyyu ya yi dariya har ya share ido, ya ce wannan yayansa ne ba shakka, aljihunsa bai taɓa zama lafiya ba, shi ya janye. Alƙali ya tabbatar wa Gwaggo Dije gonarta. Ranar Asabar ruwa ya sauka, Lahadi ta yi shuka.

Kada ku ɗauka Muntari ya gyaru. Sabuwar takardar da ya buga mata ya sa wa fayil ɗin suna sabon_sabo9. Abin da ya ƙaru kawai shi ne wata 'yar takarda da ya liƙa a gefen allo, an rubuta "abu uku", kuma ni na rubuta masa ita. Ni kuma tun daga ranar ba na sa hannu sai na kalli fuskar mutum da kyau.

Bayan sati biyu, da hantsi, babur ya sauke Gwaggo Dije ita kaɗai. Ƙafarta duk jar ƙasar gona. Ta zauna a ƙarshen bencin nan, suka gaisa, ta yi ta juya goro a hannu ba ta ɓare ba. Ina jin su ta falanki.

"Ɗan nan, wurin da ya ambaci sunan nan. Me ya ce?"

Muntari bai ce minti biyu ba. Na ji ya rubuta a hankali, abu uku cif, ya buga Enta ba ƙarfi. Ya gyara murya ya karanta mata.

"Wannan kar ka rubuta. Shekara talatin da ɗaya tana tsince tsakuwa a gonar nan da hannunta, ban taɓa ce mata sannu ba. Hadarin Gabas ce, in na ce mata sannu sai ta ce laifin me na yi. To ga sannun nan."

Ta ɓulin na ga ta ja gefen mayafi ta goge fuska.

"Ya ce kar ka rubuta, ka rubuta."

"Na rubuta, Gwaggo."

"Lallai akwai laifin da ya yi," ta ce. "Sake karanta mini."

Ya sake karantawa. Ni kuma a bayan falanki na ɗauke ƙafata daga kan keke har ya gama.